Jirgin fiba mai doki 40 a tafkin Lagdo: daga kilomita 31 zuwa 46 a awa

Asalin lamarin

Tafkin Lagdo, kudu da Garwa a arewacin Kamaru, ya samu ne bayan an datse kogin Binuwai, aikin da 'yan China suka yi tsakanin 1977 da 1982. Tun daga lokacin masunta suka kafa tungaye a gaɓoɓinsa da tsibiransa, Musgum da Kotoko da Hausawa da sauransu, kifin da suke kamawa kuma yana kai har kasuwannin Garwa da gaba.

Mai jirgin da wannan bayani ya shafa ɗan ƙanwata ne, mai sayen ɗanyen kifi. Yakan bar kwata bayan sallar asuba, ya nufi wasu tungaye masu nisan kusan kilomita 28, ya sayi giwan ruwa da karfasa, ya jera su cikin ƙanƙara, ya juyo don ya riski motocin Garwa kafin su tashi. In ya makara, ko ya karya farashi, ko ya miƙa kifin ga masu banda a kan abin da suka ga dama. Ni sana'ata gyaran babur da janareta ce a Garwa, kuma ni na riƙe littafin da aka rubuta duk awon da ke nan.

A watan Nuwamba 2023 ya sayar da kwale-kwalensa na katako, ya ƙara da abin da ya tara, ya sayi jirgin fiba na hannu mai tsawon mita 5 da rabi. Tare da shi aka haɗa masa inji Yamaha Enduro mai doki 40, ƙirar E40X, mai silinda biyu, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Wanda ya sayar ya ce jirgin na kai kilomita 50 a awa. Da aka gwada da GPS na waya, mutum biyu a ciki, da tankin mai da akwatin ƙanƙara, abin da ya nuna 31 ne. In an loda kifi kuma yakan sauka zuwa 24, gaba a sama, baya a nutse, yana jan igiyar ruwa mai girma a bayansa. Zuwa da dawowa na cin lita 36.

Man shi ne ya fi ci masa rai. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023, zuwa-zuwa, wato man sumoga daga Najeriya da arewacin Kamaru ya dogara da shi, ya daina araha, a gidan mai kuma lita tana sefa 730 a lokacin.

Disamba 2023, makon farko: an taɓa kafireta

Shawarar farko daga bakin kwata ta fito: inji ba ya samun isasshen mai. Wani mai gyara ya kwance kafireta, ya faɗaɗa ƙananan ramukan da mai ke bi, waɗanda makanikai ke kira jet. Ya kuma ce a rage baƙin mai a haɗi, wai fetur zai fi kama wuta.

Gudu ya koma 30. Fulogi biyun suka yi baƙi ƙirin cikin kwana uku, hayaƙi ya ƙaru, mai ya kai lita 40. Zancen rage baƙin mai kuwa, da ya kira ni a waya ya ce, "Kawu, an ce in rage," na roƙe shi kada ya yi. Haɗin wannan inji kashi 50 ne na fetur da kashi 1 na baƙin mai, wato rabin lita a cikin lita 25, kuma wannan ɗan man shi kaɗai ke shafe fistin da boris. Ya ji magana, bai rage ba.

Disamba 2023, mako na uku: babbar farfela

A jikin kowace farfela akwai lambobi biyu a buge. Ta farko faɗinta ne, ta biyu kuma abin da zan kira taku, wato nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce ruwa ba ya zamewa, kamar yadda noti ke shiga katako. Wadda ta zo da injin mai taku inci 13 ce, bakinta duk ya ciccije saboda yashi da kututture. Aka ce masa mai taku 15 ta fi gudu, tunda takunta ya fi tsawo. Ya aika aka sayo masa sabuwa.

Jirgin ya ɗauki kusan minti ɗaya kafin ya ɗago ya hau kan ruwa, inji yana gurnani ƙasa-ƙasa kamar babur da aka hau tudu da babbar giya. GPS ya tsaya a 29. Da kifi a ciki bai hau ruwan ba sam. Garin neman ƙiba an samo rama. Bayan kwana biyu ya cire ta ya mayar da tsohuwar.

Janairu 2024: an fara awo

Na je Lagdo a makon farko na Janairu da ɗan agogon ƙidayar juyin inji, irin wanda ake naɗa wayarsa a jikin wayar fulogi. Muka kuma nemi wani dattijon makanike da ya daɗe yana gyaran injinan jirgi a bakin tafkin, wanda kowa ke ce wa Baba.

Kafin a taɓa komai muka yi yarjejeniya a kan yadda za a riƙa gwaji. Da sassafe, kafin iskar hunturu ta tayar da ruwa. Wuri ɗaya, tsakanin wani dutse da bakin wani tsibiri, inda babu kalli a shimfiɗe. Mutum biyu, tanki cike, akwati da ƙanƙararsa. A je a dawo, a haɗa gudun biyu a raba, don iska ba ta taimaki ɓangare ɗaya ba. Abu ɗaya kacal ake canzawa kafin kowane gwaji. Kowa da rigar ruwa, igiyar kashe inji kuma a ɗaure a hannun mai tuƙi.

Baba ya auna matsin silinda biyun, ya same su kusan daidai da juna. Ya sa jet na asali, ya wanke kafireta, ya canza fulogi da robar famfon ruwa. Da tsohuwar farfela mai taku 13, inji ya yi juyi 4,600 a minti, gudu 31. Da mai taku 15, juyi 4,200, gudu 29. Ƙa'idar wannan inji in an buɗe masa wuta duka ita ce tsakanin 4,500 da 5,500. Ke nan da tsohuwar farfela yana can ƙasan ƙa'ida, da sabuwar kuma ya fita daga cikinta.

Mai jirgin ya ce, "Baba, ko injin ne ya gaji, ku duba min cikinsa?"

Baba ya ce, "Yaro, injinka lafiyarsa ƙalau. Ku fito min da jirgin tudu."

Tsakiyar Janairu: abin da aka samu a tudu

Mutum takwas suka kama don a jawo shi kan tayoyi, kuma tun a nan Baba ya ce nauyin ya wuce na jirgi mai wannan tsawo. Ƙasansa ya yi kore shar da gansakuka, ga wani ɓawon laka da ya bushe a kai, in ka shafa da tafin hannu kamar ka shafa bangon da ba a yi wa yaɓe ba.

Irin wannan jirgi ƙasansa hawa biyu ne: daɓen da ake takawa, da ainihin cikin da ke taɓa ruwa, tsakaninsu kuma akwai fili da aka cusa wa soso mai hana nutsewa. Baba ya bi daɓen yana ƙwanƙwasawa da ƙotar sukudireba. Daga gaba yana amsawa kamar ganga, daga tsakiya zuwa baya kuma sai ya ji dum. A can ƙasan bangon baya, inda ake maƙala inji, ya gano wata 'yar toshiya da aka shafe da fenti. Muka ɗaga gaban jirgin a kan tayoyi uku, ya kwance ta. Ruwa ya tsarto, baƙi, mai warin rijiyar da aka daɗe ba a ja ba. Muka tara jarka mai lita 20, ta cika, muka kawo wata. Sai da aka cika shida kafin ya koma ɗiga. Lita 120 na ruwa kilo 120 ne, nauyin manyan mutum biyu da ke zaune a bayan jirgin dare da rana ba wanda ya san da su.

Hanyar shigar ruwan tsaga ce mai tsawon taƙi ɗaya a ƙashin bayan jirgin, inda ake jan sa a kan duwatsun kwata. An yanke ƙofa a daɓen, aka fitar da soson da ya jiƙe ya ruɓe, aka bar jirgin a buɗe kwana 9 iskar hunturu ta busar da shi. Sannan aka sa sabon soso, aka like tsagar da ƙyallen fiba da ruwan gam ɗinsa hawa uku, aka kankare ƙasan duka, aka goge da sanfefa, musamman mita biyun ƙarshe, domin nan ne ke taɓa ruwa in jirgi ya hau.

Kwana 12 bai yi aiki ba, kuma wannan ne kuɗi mafi yawa da lamarin ya ci masa. Gwaji na gaba: juyi 4,900, gudu 37.

Fabrairu 2024, makon farko da na biyu: tsayin inji

A farkon wannan wata gwamnati ta ƙara kuɗin mai, lita ta koma sefa 840.

Tun jirgin na tudu Baba ya ɗauki miƙaƙƙen katako ya kwanta a ƙasa, ya manna shi a cikin jirgin ta yadda bakinsa ya fito baya har ya kai ƙafar inji. A saman farfela akwai wani faffaɗan ƙarfe kamar faranti, aikinsa hana farfela zuƙo iska daga sama. Wurin zamansa daidai da ƙasan jirgi ne, ko ƙasa da shi kaɗan, abin da bai wuce santimita 2 da rabi ba. Namu yana ƙasa da katakon da santimita 8. Dalili kuwa, waɗannan injina ana yin su da gajeriyar ƙafa ta bangon baya mai tsayin inci 15, da doguwa ta mai inci 20. Namu mai doguwar ƙafa ne, aka ɗora shi a bango mai kusan inci 17.

Ba a ɗaga inji da saƙa masa guntun itace a ƙarƙashin maƙalai a bar shi haka, domin maƙalan za su koma riƙe da iska, ranar da aka bugi kututture inji ya tafi cikin ruwa. Kafinta ya yanko madaci mai kauri, aka ƙara wa bangon tsayi, aka rungume shi da farantan ƙarfe ciki da waje, aka huda aka ɗaure da noti har da injin kansa. An yi shi hawa-hawa don a iya gwadawa.

Da aka ɗaga santimita 4: juyi 5,050, gudu 39 da rabi. Da aka kai 8, faranti daidai da ƙasan jirgi: juyi 5,200, gudu 42. Feshin ruwan da a dā ke tashi ta gefen ƙafar inji har ya jiƙa bayan mai tuƙi ya ɓace, sitiyarin hannu kuma ya yi sauƙin riƙo.

Ganin kowane ɗagawa na ƙara gudu, mai jirgin ya nemi a ƙara 4. Baba bai so ba, amma ya ce gani ya kori ji. A miƙe jirgin ya yi 43, juyi 5,450. Da ya zo juyawa a bakin tsibirin, ina zaune a tsakiya da agogon a hannuna, sai inji ya yi wata ƙara mai kaifi, lambar ta haura 6,000, jirgin kuma ya saki gudu lokaci ɗaya kamar an kama shi ta baya. Farfela ta zuƙi iska. Na waiga na dubi fitsarin inji, wato siririn ruwan da ke tsartowa a gefe don nuna famfo na aiki, na ga yana yankewa yana dawowa. Na ce masa ya sauke wuta, muka koma kwata a hankali. Ramukan da inji ke shan ruwan sanyaya kansa suna jikin ƙafar ne, ƙasa da farantin, kuma in suka fara shan iska, mintuna kaɗan sun isa inji ya yi zafin da zai kama. A ranar aka mayar da shi santimita 8.

Fabrairu, mako na uku: sakata da zaman kaya

A jikin maƙalin inji akwai jerin ramuka da sakatar ƙarfe, ita ke ƙayyade yadda ƙafar ke jingina. Mun same ta a ramin farko, na jikin bango, wanda ke danna gaban jirgi ƙasa. A rami na biyu gudu ya kai 43. A na uku, juyi 5,300, gudu 44. A na huɗu gaban ya fara tsalle yana dukan ruwa, aka dawo na uku. Akwatin ƙanƙara da ke can baya kusa da mai tuƙi aka matso da shi tsakiya aka ɗaure, wanda ya rage lokacin hawa ruwa ba tare da ya taɓa gudu ba.

Farkon Maris: an koma kan farfela

Sai a nan aka sayi sabuwar farfela mai taku 13, irin ta asali. Juyi ya ɗan sauka zuwa 5,250, gudu ya hau 46.

Muka ɗauko mai taku 15 ɗin nan da ke rataye tun Disamba. Ba kifi, ta ba da juyi 4,850 da gudu 47. Muka loda buhunan yashi kilo 150 a madadin kifi. Mai taku 15 ta yi jinkirin hawa, juyi 4,450, gudu 38. Mai taku 13 ta hau cikin daƙiƙa kaɗan, juyi 5,050, gudu 41. Aka bar 13 a jiki, 15 ta koma cikin akwati a matsayin ta ko-ta-kwana.

Afrilu 2024: bayan ƙaramar Sallah

Ya yi aiki da jirgin duk tsawon azumi. Ba ya buɗe wuta duka sai in ya makara. Yakan riƙe kusan kashi uku cikin huɗu, gudu wajen 36, ya isa tunga cikin minti 47, ya dawo da kifi cikin abin da bai kai minti 50 ba, maimakon awa ɗaya da minti 10 na dā. Mai ya sauka daga lita 36 zuwa 24. A farashin gidan mai na lokacin, lita 12 ɗin nan sun haura sefa 10,000 a kowace fita. Da na koma bayan Sallah muka kwance toshiya, abin da ya fito bai cika kofin shayi ba.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

Lissafi ɗaya ya bayyana yawancin lamarin. A wannan inji, in ya juya sau 2 farfela na juyawa sau 1. Taku inci 13 santimita 33 ne. A Janairu, juyi 4,600 na nufin farfela na yin 2,300, wanda da babu zamewa zai ba da kusan kilomita 45 da rabi a awa. Jirgin yana yin 31, ke nan kusan kashi ɗaya cikin uku na aikin farfela yana tafiya a kaɗa ruwa kawai. A Maris, juyi 5,250 ya kamata ya ba da 52, jirgin ya yi 46, asarar ta koma kusan kashi 12 cikin 100. Doki 40 ɗin dai su ne tun farko. Kilomita 15 da aka samu sun fito ne daga abin da aka cire wa jirgin: 6 daga ruwan ciki da dattin ƙasa, 5 daga ƙafar da ke nutse fiye da kima, 2 daga sakata, 2 daga lafiyayyar farfela.

Gyaran kafireta ya faɗi ne saboda injin bai taɓa rasa mai ba. An ƙara masa mai ba a ƙara masa iska ba, sai ya ƙona abin da zai iya ya zubar da sauran a hayaƙi. Babbar farfela kuwa ba ta da laifi a kanta, lokacinta ne bai yi ba: an ƙara wa inji kaya alhali yana nishi da wanda ke kansa. Kowane inci ɗaya na taku yana rage juyi da kusan 150 zuwa 200, don haka wanda ke 4,600 ba shi da inci biyun da zai bayar. Da agogon juyi ya zo a Nuwamba, da ba a kashe ko sisi a kan waɗannan biyun ba, kuma kuɗinsa bai kai na farfela ɗaya ba. A ganina wannan ne babban kuskuren lamarin, kuma ina da kaso a ciki, domin a waya na riƙa ba da shawara wata guda kafin na je na ga jirgin da idona.

Ban goyi bayan barin mai taku 15 a jikin inji ba don kilomita ɗaya da take ƙarawa. Jirgin aiki da kayansa ake auna shi, kuma inji da ke yini ƙasa da ƙa'idar juyinsa yana tara zafi da baƙin toka a kan fistin ko da mai shi bai ji komai ba. Haka ma santimita 4 na ƙarshe: kilomita ɗaya a miƙe, a bakin ran inji da na mutanen ciki a wurin juyawa.

Gudun ya zo da nasa nauyin. Daga Maris ruwan tafkin na ja baya, kututtukan da ke ɓoye suna matsowa kusa da sama, ga kallin masunta da asuba ba a ganin tulunansa sai an zo dab, ga dorina a wasu lungunan. A 46, jirgi na cin kusan mita 13 a daƙiƙa ɗaya. Mun yi magana da shi a kan wannan, ya kuma ɗauki al'adar sauke wuta tun daga nesa in ya hango kwale-kwale, don igiyarsa kada ta kifar da mutum da kamun darensa.

A Afrilu 2024 aiki biyu ne suka rage. Ƙarin madacin da ke bangon baya na wucin gadi ne, ana duba notinsa kowace Juma'a, kuma Baba ya ce a sake gina bangon da fiba a tsayin inci 20 kafin damina ta kankama. Na biyu, an samo tsofaffin tayoyi huɗu an jera a kwata, a kansu ake jan jirgin, kuma duk mako biyu ana kifa shi gefe a wanke ƙasansa.